Innata Tana Karɓar Haihuwar 'Yan Tsaki

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin abin da nake tsoro yana da rana, ranar kuma ta matso. Na rasa wanda zan faɗa wa. Duk wanda na fara ba labarin sai ya yi dariya da ya ji maganar kaji ce, ni kuwa gidana ne ke neman tsagewa biyu, mahaifiyata a gefe guda, mijina a gefe guda.

Maigidana direban babbar mota ne, ko in ce dā can direba ne. Shekara biyu ke nan da ya yi hatsari, aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Mutumin da ba ya iya yin mako cikakke a gida sai ga shi a kan tabarma, fuska ga bango, ko rediyo ba ya son ji. In na kai abinci ya ce in ajiye. In yara suka shigo ya rufe ido kamar mai barci. Ni nake fita, ina aikin guga da ninki a wani shagon wanki, da shi muke ci. Bai taɓa yi mini gori ba, ni ma ban taɓa yi masa ba, amma na san kowace loma a maƙogwaronsa take tsayawa.

Abokan aikinsa na tasha ne suka haɗa hannu suka sayo masa injin ƙyanƙyasar ƙwai. Wani farin akwati ne mai murfin gilashi, da fanka a ciki da tiren ruwa a ƙasa. Muka sa shi a ƙaramin ɗakin ajiya. Anti, da kin ga yadda mutumin nan ya dawo duniya. Kafin kowa ya tashi ya ɗau sandunansa ya je ya duba zafi, ya duba ruwa, kamar yadda yake duba lagireto da mai kafin ya kama hanya. Har motata yake ce wa injin. Ya koyi haska ƙwai da tocila, yana kirana in zo in ga jijiyoyin jini kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo yana motsi a ciki. Zubin farko ya yi kyau. 'Yan tsaki suka cika kwali, wata mai gidan kaji ta zo ta kwashe su, ta ce duk 'yan tsakin da ya fitar ita za ta ɗauka. Ranar ya yi aski, ya aiki yara suka sayo nama. Ban san rabon da in ji dariyarsa ba sai ranar.

To, ga Inna. Mahaifiyata ungozoma ce, tun kafin a haife ni har ƙarfinta ya ƙare. Rabin mutanen unguwar da na tashi a hannunta suka faɗo. 'Yata ta fari ma ita ta karɓa, ta zo da cibiya a wuya, ba ta numfashi, Inna ta yi ta fama da ita har ta yi kuka. Maigidana yana bakin ƙofa ranar, bai manta ba. Shi da kansa ya je ya ɗauko ta da kayanta lokacin da gigin tsufa ya fara kama ta, ya ce ba za a bar ta ita kaɗai ba yana raye. Ina faɗa miki wannan ne don kada ki ɗauka mugun suruki ne.

Mantuwar tata tana zuwa tana tafiya. Wata rana ras take, har tsokanar injin take yi, wai ita ba ta taɓa ganin kaza mai wutsiyar wayar lantarki a jikin bango ba, uwa ba fiffike ba tausayi. Wata rana kuma ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu, ta tambaye ni ko an zo kiranta. Lokacin zubin farko tana kwance a asibiti da ciwon ƙirji, shi ya sa ba mu san abin da ke jiranmu ba.

Zubi na biyu, duk kwanakin nan ko kallon ɗakin ajiyar ba ta yi. Sai da ƙwai suka fara tsagewa. Ban sani ba ko kin taɓa ji, ɗan tsako yana kuka tun yana cikin ɓawo, wani siririn kuka, kuma bangon ɗakin ajiyar shi ne bangon da gadon Inna yake jingine. Na dawo daga aiki da la'asar, maigida ya fita bakin titi sayen abincin kaji, na tarar da ƙofar a buɗe. Inna tana zaune a ƙasa, ta ɗaura zani a ƙirji, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ga kwanon ruwan ɗumi a gefe. Murfin injin yana jingine da bango. Ta ɗauki ƙwai ɗaya bayan ɗaya tana ɓare ɓawon da farce, a hankali, da irin natsuwar da na san ta da ita tun ina yarinya. Ta shimfiɗa farin ɗankwalinta, ta jera su a kai. Duk jini. Wasu na motsi, ga gwaiduwa a rataye a cikinsu, wasu sun riga sun daina. Waɗanda suka mutu ta ja gefen ɗankwalin ta rufe musu fuska. Da ta gan ni sai ta yi ƙasa da murya, ta ce an makara wajen kiranta, naƙudar ta yi tsawo, kuma kada a gaya wa uwar tukuna sai ta sha abu mai zafi.

Ina tsaye na ji ƙarar sandunansa a bayana. Ya daɗe yana kallo. Ya mayar da murfin, amma sauran da ba ta taɓa ba ma yawancinsu ba su fito ba, sun bushe a ciki da baki a waje. Shi ya haƙa ramin binne su a bayan gida, a zaune, da ƙaramar fartanya, ya hana ni taimaka masa.

Zubi na uku ya sa kwado a ƙofar. Muka ce shi ke nan. Na yi mata bayani ya fi a ƙirga, ta ce ta gane, har ta yi kuka ta ce in ba shi haƙuri. Da kukan ya sake tashi a bango sai duk bayanin ya bi iska. Ranar ina gida. Ta fito ta kama dukan ƙofar da tafin hannu, daga nan ta ɗauko dutse. Tana ihu wai an kulle jarirai suna mutuwa, wai mutumin nan ba shi da imani, a zo a taimake ta. Maƙwabta suka cika tsakar gida, wasu ma sun ɗauka da gaske ne. Hannunta ya fashe. Shi kuma don ya kashe maganar ya buɗe kwadon, ya tsaya a bakin ƙofa yana nuna wa mutane cewa ƙwai ne. Inna ta ture shi za ta wuce. Tsohuwa ce, ƙarfinta nawa yake, amma mai ƙafa ɗaya ba ya buƙatar turi mai yawa. Ya faɗi da baya a kan teburin da injin yake kai, injin ya biyo shi, ƙwai suka tarwatse a kansa da ƙasa. Wandonsa ya naɗe, dungulmin ƙafar ya fito a gaban matan unguwa. Na ruga na riƙe Inna saboda jinin hannunta, wani mai gyaran babur da ke kusa da mu ne ya ɗaga shi.

Tun ranar ba ya cin abinci tare da mu. An gyara injin, ya sake zuba ƙwai, domin mai gidan kajin ta ce sau biyu tana share ɗaki tana jiran 'yan tsaki ba ta gani ba, in wannan ma ya lalace za ta nemi wani. Shekaranjiya ya kira ni, ba faɗa ba tsawa, ya ce kafin ƙwan nan su fara tsagewa Inna ta koma gidan Yaya. In ba haka ba shi zai kashe injin da hannunsa ya mayar wa masu shi, kuma kada in sake tambayarsa me ya sa yake kallon bango. Saura kwana goma ko ƙasa da haka.

Yayana a bene yake, hawa na uku, shi da matarsa duk fita suke tun safe. An taɓa kai ta can. Kulle ta suke yi su tafi, ran da suka manta kuwa sai a tashar mota aka tsince ta ba takalmi, wai za ta je karɓar haihuwa. In na kai ta can na san abin da na kai ta. In na bar ta kuma na san abin da zan yi wa uban 'ya'yana. Ita ba ta ma tuna abin da ya faru ba, jiya har tana tambayata me ya sami ɗan nan ba ya gaishe ta, ko wani ya ɓata masa rai. Wani lokaci ina guga a shago sai in ji haushinta ya taso mini har wuya, sai kuma in ji kunyar kaina. Wani lokaci shi nake jin haushi, in ce a raina a kan kaji za a kori uwata. Na san ba a kan kaji ba ne. Anti, wa zan zaɓa?

'Yar Ungozoma

*

'Yar'uwa, Allah ya kawo miki sauƙi. Na aika miki da wannan amsa ta waya tun kafin a buga ta, saboda ƙwai ba sa jiran ranar fitowar jarida.

Ba zan zaɓa miki ba, domin ban ga alamar lokacin zaɓi ya yi ba. Ki sake karanta wasiƙarki. Inna ba ta damu da injin ba, ba ta damu da ƙwai ba. Kuka take ji. Ƙwan kaza kwana ashirin da ɗaya yake yi, kuma kukan a kwana ukun ƙarshe yake fitowa. Rikicin gidanki na kwana uku ne zuwa huɗu a kowane zubi, amma kuna shirin yanke hukuncin da zai ci sauran rayuwar tsohuwa. Kwado ya hana ta shiga, bai hana ta ji ba, shi ya sa ya ƙara lalata al'amarin.

Maigidanki yana da gaskiya a kan ƙwan, kuma ya kamata ki san dalili. Ɗan tsako idan ya huda ɓawo yakan tsaya ya huta, wani lokaci yini guda, wani lokaci har da kwana. A wannan hutun ne yake janye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa, jijiyoyin jinin da ke jikin tantanin cikin ɓawo kuma su ƙafe. Wanda ya ɓare shi kafin nan ya yanke masa jijiya, jini ya ƙare masa. Buɗe murfi kuma yana fitar da laima, tantanin ya bushe ya manne wa waɗanda ba a taɓa ba, abin da kika gani ke nan. Abin da Inna ta sani gaskiya ne a kan ɗan Adam: naƙuda in ta yi tsawo, jinkiri kisa ne. Da wannan sanin ta ceci 'yarki. A kan ƙwai jinkirin shi ne aikin. Hannunta ya riƙe abin da kanta ya saki, kuma ba za ki iya gyara hannun da bayani ba. Ki daina yi mata bayani. Kina sa ta kuka ne a kan laifin da ba za ta tuna ba gobe.

Ga abin da za a yi a wannan zubin. A raba kunnenta da kukan. Hanyar da na fi so ita ce a matsar da ƙwan, a bar tsohuwa inda ta saba, domin sauyin wuri yana ƙara wa masu irin ciwonta ruɗewa. A rana ta goma sha takwas ake daina juya ƙwai a ƙara ruwa, kuma a ranar ne manyan gidajen ƙyanƙyasa ma suke matsar da nasu daga wani inji zuwa wani. Ku je wurin mai gidan kajin yau, ku gaya mata gaskiyar abin da ya faru sau biyun nan, ku roƙi kusurwar ɗaki mai wuta. Ita ma 'yan tsakin take so. A fitar da ƙwan a jera a kiret, a lulluɓe da bargo, a tafi a hankali ba girgiza, a kunna injin ya ɗau zafi sannan a mayar da su. Tafiyar ta zama gajeriya. Za a iya rasa kaɗan, ki sani tun yanzu. Maigida ya tare a can har a gama. Direba ne, kwana kusa da kayansa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. In wannan bai samu ba, ki nemi izini a wurin aiki, ki tafi da Inna gidan Yaya na kwanakin nan, ke da ita, ƙafarki ƙafarta, ku dawo tare. Kafin zubi na gaba kuma a nema wa injin mazauni na dindindin nesa da bangon gadonta.

Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar ba zan ɓoye miki ba. Ciwon mantuwar tsufa yawanci gaba yake yi. Yau ƙwai ne, gobe murhu ne, ko ƙofar waje, ko jaririn maƙwabciya da ta ji yana kuka. Ki kai ta wurin likita cikin makon nan, ki faɗi komai har da dutsen da turin. Akwai abubuwan da ke tsananta ruɗewa kuma ana maganinsu, kamar ciwon fitsari, ko wani magani da take sha, ko rashin barci. A duba su. Amma kada ki je da tsammanin za a dawo miki da Innar da kika sani. Wata rana za ta buƙaci mai zama da ita daga safe zuwa dare, kuma ke kaɗai da aikin shago ba za ki iya ba. Gara a shirya wa ranar tun ana cikin hayyaci.

Nan Yaya ya shigo. Gidansa bai dace da ita ba, na yarda, ɗaki a kulle a hawa na uku ba kulawa ba ce. Amma rashin dacewar gidansa bai sauke masa nauyi ba. Uwarsa ce kamar yadda take uwarki. Ki kira shi ya zo ya zauna, ya ga hannunta, ya ga surukinsa. Ya ɗauki nauyin wadda za ta riƙa zama da ita lokacin da kike wurin aiki, ya kuma riƙa zuwa da kansa ranar hutunsa. Ki faɗa masa a fili, ba da hannunka-mai-sanda ba. Gurgu da mai guga sun ɗauki kayan nan su biyu ya isa haka.

Sai maigidanki. Sharaɗin da ya kafa ya yi tsauri, kuma barazanar komawa kallon bango ba adalci ba ce gare ki. In an natsu ki gaya masa haka. Amma kafin nan akwai layi ɗaya a wasiƙarki da kika wuce da sauri. Ya faɗi a gaban mutane, ƙwai a jikinsa, abin da yake ɓoyewa ya bayyana, kuma bare ne ya ɗaga shi. Ban ce kin yi laifi ba. Jini kika gani a hannun uwarki, kowa zai yi abin da kika yi. Sai dai shi daga ƙasa ya kalli abin, kuma daga can ya ga inda kika nufa. Ina zaton tambayar da ke cin sa ba ta inda Inna za ta kwana ba ce. Yana son ya san ko akwai wanda ke gefensa a gidan. Don haka kada ki fara da maganar kiret da bargo. Ki shiga, ki rufe ƙofa, ki gaya masa kin ga abin da ya same shi ranar, ya yi miki ciwo, kuma aikinsa yana da daraja a idonki kamar yadda motarsa take da ita dā. Bayan nan ki kawo shirin, ki bar shi ya gyara shi, domin ya fi mu sanin injinsa. Mutumin da ya je da kansa ya ɗauko surukarsa ba ya cika son ya zama wanda ya kore ta. Ki ba shi ƙofar da zai fita daga maganarsa ba tare da ya sake faɗuwa ba. In duk da haka ya ƙi, ki sake rubuto mini, amma kada a kai tsohuwa inda za a kulle ta.

Abu na ƙarshe. Idan Allah ya sa 'yan tsakin suka fito, suka bushe, suka miƙe, ki roƙi maigida ya kawo guda ɗaya gida. Ki zauna kusa da Inna, ki sa mata shi a tafin hannu na ɗan lokaci, kina riƙe da hannun nata, sannan ku wanke hannu da sabulu ku duka. Kada ki yi mata maganar inji ko laima. Shekaru da yawa ta yi tana fitowa daga ɗaki tana faɗa wa mutane kalma ɗaya da suke jira a tsakar gida. Wannan karon ke za ki faɗa mata. Ki ce mata an sauka lafiya.

Allah ya ba Inna sauƙi, ya ƙarfafi maigidanki, ke kuma ya ba ki juriyar abin da ke gaba.